Bayan an watse daga zaman makoki: ina baƙin ciki ya tsaya, ina ciwon damuwa ya fara?

Idan ana maganar tsaya wa wanda aka yi wa rasuwa a kwanakin farko, da wuya a samu al'ummar da ta fi Hausawa iyawa. Kafin maza su dawo daga maƙabarta an kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun ɗora tukunya don kada masu makoki su hura wuta. A cikin gida mata sun kewaye uwargida, wannan ta karɓi goyonta, waccan ta miƙa mata ruwa. Mai zuwa gaisuwa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" a amsa masa, a shafa Fatiha, ya tashi wani ya zauna. Ba a barin mai rashi shi kaɗai ko na ɗan lokaci. Tsari ne mai kyau ƙwarai, kuma ina alfahari da shi.

Sai dai yana da wa'adi. Ana yin sadakar uku baƙin nesa su kama hanya. A yi ta bakwai a gidajen da ke yi, a yi ta arba'in, daga nan kowa ya koma harkar gabansa. To a daidai lokacin da gida ya yi tsit ne rashin yake sauka a kan mai shi da gaske. A kwanakin farko mutum yana cikin ɗimuwa, jama'a kuma sun ɗauke masa hankali. Sai ranar da ya ɗauki waya bayan Magariba zai kira mahaifiyarsa kamar yadda ya saba, ya tuna babu mai ɗauka. Idan a lokacin ya buɗe baki ya ce abin har yanzu yana cin sa, amsar da zai samu ita ce, "Haba, har yanzu? Ka yi tawakkali mana." Sai ya haɗiye maganarsa, tun da an ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mu kuma mu ɗauka ya warware.

Abubuwa uku muke cakuɗawa wuri ɗaya: baƙin cikin rashi, da fargaba mai tsanani, da ciwon damuwa. Na farko hali ne da kowane ɗan Adam zai shiga, sauran biyun cututtuka ne da ke da magani. Rashin bambance su ne ke sa a tsangwami mai jimami da cewa imaninsa ya yi rauni, a kuma bar maras lafiya da addu'a kaɗai alhali yana buƙatar addu'a da magani duka.

Baƙin cikin rashi yana zuwa ne yana lafawa. Mutum zai yini lafiya, har ya yi raha a kasuwa, sai ƙamshin wani turare ko ganin takalmin mamaci a bayan ƙofa ya mayar da shi ranar farko. Rashin barci, ƙin abinci, mantuwa, ganin mamaci a mafarki, jin kamar muryarsa a tsakar gida, jin haushin likitan da ya duba shi, da yawan "da na sani", duk waɗannan ba alamun taɓin hankali ba ne. A 1969 wata likita a Amurka, Elisabeth Kübler-Ross, ta kawo bayanin matakai biyar, daga ƙin yarda har zuwa sallamawa, bayanin ya bazu a duniya. Amma ita daga bakin marasa lafiyar da ke dab da mutuwa ta tattaro shi, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna masu makoki ba sa bin matakan a jere. Bayanin da ya fi kama da abin da muke gani a gidajenmu shi ne na wasu masana biyu a Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, a 1999: mai jimami yana kai da kawo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma kama harkar rayuwa. Yau ya yi kuka, gobe ya je biyan kuɗin makarantar yara. Duka biyun yana buƙata. Wanda ya maƙale a gefe ɗaya, ko kuka kullum ko gudun tuna mamaci kwata-kwata, shi ne abin sa wa ido.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke taƙaita wa mutane abin da addini ya yalwata musu. Annabi Yaƙub (AS) shi ne ya ce zai yi haƙuri mai kyau, kuma shi ɗin ne Suratu Yusuf ta ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Da 'ya'yansa suka yi masa faɗa cewa ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya halaka, sai ya ce shi ga Allah yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Alƙur'ani bai ga wani karo tsakanin haƙurinsa da hawayensa ba. Manzon Allah (SAW) ya rungumi ɗansa Ibrahim yana kan gargara, hawaye na zuba, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki. Ya ce masa wannan rahama ce, ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi sun kira ta shekarar baƙin ciki, shekara guda cur. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa irin ta jahiliyya, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta kalaman ƙin yarda da ƙaddara. Kuka da kewa da faɗin cewa "ina jin ciwo" ba sa ciki.

Addinin ma bai manta da jiki ba. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, Annabi ya ce a yi wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha kuwa idan an yi mutuwa a danginta, bayan mata sun watse takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa yana sanyaya zuciyar maras lafiya, yana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. A lura da lokacin da take yin haka: bayan an watse. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan a Littafi Mai Tsarki. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Annabi Iliya ya zauna a ƙarƙashin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, abin da aka fara yi masa kuwa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci ya sha.

To yaushe abin yake zama cuta? Ga yawancin mutane zafin rashi yana raguwa a hankali cikin watanni, ko da kewar ba ta gushe ba har abada. Amma akwai waɗanda nasu ba ya motsawa. Uwa ta rufe ɗakin ɗanta ta hana kowa taɓa komai, ta daina zuwa biki da suna, ta daina girki, tunaninta ɗaya ne dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, a matsayin jimamin da ya zarce ƙa'ida: wanda ya wuce aƙalla wata 6 da tsananinsa, ya fi abin da al'ada da addinin mutumin suka sani, kuma ya hana shi tafiyar da rayuwarsa.

Ciwon damuwa daban ne, ko da yake rashi yana iya tayar da shi, kamar yadda karayar arziki, ko saki, ko haihuwa, ko doguwar jinya ke iya yi. Wani lokaci ma yana zuwa ba tare da wani dalilin da za a nuna ba. Likitoci suna duba ko mutum ya yi aƙalla mako 2 a jere, kusan kullum, cikin ƙuncin rai ko rashin jin daɗin duk abin da a da yake so, tare da sauyin barci da ci, kasala, kasa tattara hankali, da ganin kai ba a bakin komai ba. Ga wata hanya mai sauƙi ta bambancewa. Mai jimami maganarsa a kan mamaci take: "Na yi kewar Baba." Idan jikansa ya hau cinyarsa zai yi murmushi. Mai ciwon damuwa maganarsa a kan kansa take: "Ni ba ni da amfani, na zame wa kowa kaya, gara ba ni." Shi ko albishir aka yi masa ba ya ratsa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke ɗauke da wannan ciwo a 2019, mata sun fi maza yawa, kuma fiye da ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego suna fama da shi.

Wannan rabe-rabe ba Turawa suka fara shi ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta cewa baƙin ciki iri biyu ne: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, wanda ake magancewa da nasiha da gyaran tunani, da kuma wanda ke rufe mutum ba gaira ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar maganin jiki. Sama da shekara dubu ke nan.

Fargaba kuwa ita ce tsoron abin da bai faru ba wanda ya ƙi barin mutum ya huta. Wanda aka taɓa sace ɗan'uwansa a hanya, ko wanda ya gudo daga ƙauyensa cikin dare a Zamfara ko Borno, ƙarar babur kaɗai na iya sa gabansa ya yanke ya faɗi. Wasu tana zuwa musu farat ɗaya: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, mutum ya tabbatar mutuwa ce ta zo, cikin 'yan mintuna ta kai ƙololuwa sannan ta lafa. A je asibiti a auna zuciya a ce lafiya lau.

A nan ne ake yawan ɓatan hanya, domin Bahaushe ba ya zuwa asibiti ya ce ransa a ƙuntace yake. Abin da zai ce shi ne kansa na ciwo, jikinsa na zafi ta ciki, gabansa na faɗuwa, wani abu na yi masa yawo a jiki, ƙirjinsa ya yi nauyi. Sai a ba shi maganin taifod, ya sha ya dawo, a ce olsa ce, ya dawo, a ce maleriya. Ba ƙarya yake yi ba, ciwon a jikin yake ji. Kuma dole ne a fara da gwaji, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo alamu masu kama da waɗannan. Amma idan an yi gwaji an sake yi ba a ga komai ba, tambayar da ta rage ita ce wadda ba a cika yi ba: me ya faru da kai a 'yan watannin nan? Wanda bai samu mai yi masa ita ba sau da yawa kemis yake komawa. Ƙwayar sa barci ta dare ɗaya ta zama ta kullum, daga nan sai tiramadol ko kodin. Rahoton 2018 na binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a Najeriya ya gano mutum miliyan 14.3 da ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Ba na shakkar cewa a cikinsu akwai masu yawa da ba nishaɗi suka je nema ba, barci suka je nema.

Ƙofar da aka fi fara ƙwanƙwasawa dai ta malam ce, kuma ban ga laifin haka ba. Malam yana kusa, an yarda da shi, yana magana da harshen da zuciyar mutum ta sani. Yarda da ƙaddara tana sauke wa mutum nauyin "ni na jawo". Salla tana raba wa yini lokuta ta fitar da mutum daga ɗaki sau biyar. Yi wa mamaci addu'a da sadaka yana ba mai kewa abin da zai ci gaba da yi wa wanda yake so. Annabi da kansa ya yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala. Inda ake samun ɓarna shi ne idan aka mayar da kowace alama aikin aljanu ko sammu, ko aka ce wa maras lafiya da yana da imani da bai shiga wannan hali ba. Ciwon damuwa yana sa komai ya yi nauyi, har alwala. Mutumin da ya saba tashi tsakar dare yana nafila sai ya ga da ƙyar yake farilla, ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa Allah ya yi fushi da shi. Idan malam ya ƙara masa da cewa raunin imani ne, ya ba ciwon makami. Ba mai ce wa mai hawan jini ya ajiye maganinsa tun da yana azkar, kuma hadisi ya ce a nemi magani, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ƙarshen wannan hanya idan ta ɓaci mun gan shi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Haɗa malam da likita kuma ba mafarki ba ne. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 aka wallafa sakamakon wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba masu taɓin hankali tare da su. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi.

Shi kuma zaman ba da shawara, wato magance damuwa ta hanyar tattaunawa da wanda aka horar, me ake yi a ciki? Mutane da yawa sun ɗauka nasiha ce, a zaunar da kai a gaya maka abin da za ka yi. Mai ba da shawara da ya san aikinsa sauraro ya fi yi. Mu ɗauki misalin matar da mijinta ya rasu wata takwas da suka wuce, ta fita takaba tuntuni, an sha ba ta maganin taifod, har wata nas ta tura ta wurin mai ba da shawara.

"Mama, yaya barci?"

"To, alhamdulillah."

"Da ƙarfe nawa kike farkawa?"

"Biyun dare. Daga nan ina zaune har kiran assalatu."

"Idan kin farka, me yake fara zuwa miki?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Sannan ta ce, "Da daren ya ce ƙirjinsa na ciwo. Ni na ce ya bari sai da safe mu je asibiti."

Wata takwas tana ɗauke da wannan magana, ba ta gaya wa kowa ba, domin wa za ta gaya wa, dangin miji? Mai ba da shawara ba zai ce mata ta daina wannan tunani ba, an sha faɗa mata bai yi aiki ba. Zai tambaye ta abin da ta sani a wannan daren, ba abin da ta sani yanzu ba. Sau nawa ya taɓa irin wannan ciwon ya wuce? Da ƙanwarta ce ta zo mata da wannan labari, za ta ce mata ita ta kashe mijinta? Idan mai ibada ce zai tambaye ta abin da ta yi imani da shi game da ajali, ya bar ta ta faɗa da bakinta. Daga nan su juya kan abin da ke gabanta: kuɗin makarantar yara, rabon gadon da aka ƙi yi, kuɗin haya. Su zaɓi ɗaya, su yanka shi ƙanana, su tsayar da abu guda da za ta yi kafin mako mai zuwa. Su kuma mayar da ita ga wani abu da ta bari, ko Islamiyyar ranar Asabar, ko zuwa gidan aminiyarta, ko da ba ta jin son zuwa, domin a wannan ciwo motsi ne ke fara zuwa, jin daɗi ya biyo baya. Abin da ta faɗa kuma a ɗakin zai tsaya. Wannan amana ita ce babban abin da ya bambanta zaman da hirar tsakar gida.

Ba sai likita ne zai iya wannan ba, kuma nan ne nake ganin mafitarmu. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a 2006, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna yin zama shida da mai damuwa. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna bayan wata 6 waɗanda suka zauna da kakannin sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, al'ummar Musulmi mai kama da tamu ta fuskar zaman mata a gida, an horar da ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida su yi irin wannan zama da masu ciki. A sakamakon 2008, bayan wata 6 da haihuwa kashi 23 cikin ɗari ne ke da ciwon damuwa a cikin waɗanda aka yi wa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 53. A Borno ma gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara cikin unguwanni a Keke Napep domin waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. Muna da malaman Islamiyya mata, da ungozomomi, da limaman unguwa, da matan zumunta a coci-coci. Mutanen da ake buƙata suna nan, horo ne babu.

Idan ciwon ya yi tsanani, magana kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da magani. Magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauyi, kuma ana ci gaba da sha na watanni bayan an ji sauƙi don kada ciwon ya dawo. Ba irin ƙwayoyin maye ba ne da ke kama mutum, amma ba a yanke su rana ɗaya, likita ne ke rage su a hankali. Kuma ba a sayen su a kemis da ka.

Samun likitan ne wahala. Alƙaluman da likitocin ƙwaƙwalwa na Najeriya ke bayarwa da kansu sun nuna ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar tana aiki ne da dokar 1958 ta zamanin Turawa, wadda tsare mahaukaci ne damuwarta ba warkar da shi ba. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Mutane suna gudun sunayen nan saboda tsoron a ce an kai wane Dawanau, a hana 'ya'yansa aure. Amma yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, a duba su, su koma gida ranar.

Akwai alamar da ba a jira da ita. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana rarraba kayansa, ko yana neman yafiyar kowa ba tare da tafiya a gabansa ba, a tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ya riga ya san haramun ne, wa'azin wuta a wannan lokaci ƙara rufe masa baki yake yi. A kawar da fiya-fiya da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Haka mai jegon da ta daina barci gaba ɗaya, tana sambatu ko tana tsoron jaririnta, ita ma ta gaggawa ce. A kula da maza musamman, domin su aka fi hana kuka tun suna yara, kuma nasu ciwon yakan fito ne a matsayin faɗa, da zafin rai, da daɗewa a waje.

Malam ko fasto da aka kawo wa mai irin wannan hali ba sai ya bar addu'arsa ba. Ya yi ta, sannan ya ƙara da tambaya uku: yaya barci, yaya cin abinci, kuma tunanin mutuwa yana zuwa? Idan amsar ta nuna abin ya haura mako biyu yana ƙaruwa, ya sa wani daga cikin dangi ya raka mutumin asibiti mafi kusa, ya gaya wa iyalin da bakinsa cewa zuwan bai saɓa wa tawakkali ba, ya kuma ce su dawo masa da bayanin abin da likita ya faɗa.